Muryar Inna a Kan Motar Kamfen

Masu aiko mani saƙo kullum kuna tambayar yaushe biki, ku sassauta. Ni kaina tun ranar kasuwa ban zauna wuri guda ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa, har Gwaggo Saude ta ce in na ƙara za ni tono ruwa.

Ga waɗanda sunka shigo yau, sunana Sadiƙa, a Sabon Birni anka haife ni. Karatuna ya tsaya aji uku na sakandare, shekarar da hanya ta lalace da 'yan bindiga anka rufe makarantar kwana. Sauran na ƙarasa shi da kaina, da wayar hannu da tsofaffin jaridun da Baba ke naɗe sabulu da su. Saboda haka na san labarin duniya sosai, sai dai kowane labari rabinshi na sani, ɗaya rabin ya tafi da mai sayen sabulu.

Wanda ke nemana sunanshi Kamaluddeen, mutumin Isa. Shina da difloma, da gilashin da ba na magani ba, da waya biyu, ɗaya ba layi a cikinta. Muƙaminshi Daraktan Sabbin Kafafen Yaɗa Labarai na Alhaji Dalhatu, mai neman kujerar majalisa. Na taɓa tambayarshi ma'aikata nawa ke ƙarƙashinshi, ya ce ana kan tsari. Ina son shi. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina. Abin da na sani, lokacin da samarin garin nan ke tsoron fita bayan gari, shi kan hau mashin daga Isa ya taho, ya iso fari fat da ƙura, ya zauna a zaure shina dariyar maganata har gilashin ya zame. Magabatanshi sun sa ranar Juma'a za su taho neman aurena.

To, lokacin kamfen ne. Mutum biyu ke neman kujerar, Alhaji Dalhatu da Malam Is'haƙa, kowa da motarshi mai lasifika a kai. Ba wanda ke faɗin abin da zai yi. Motar Is'haƙa waƙar tumbin Dalhatu take sawa, wai tumbin ke riga shi shiga ɗaki ya gaida mutane kafin shi ya iso. Motar Dalhatu kuma waƙar rowar Is'haƙa, wai in ƙuda ya faɗa furarshi sai ya tsotse shi kafin ya yar.

Gwaggo Saude, ƙanwar Baba ce da ke zaune gidanmu tun rasuwar mijinta, duka biyun take rawa da su. Ko tuwo take tuƙawa, ta ji mota, sai kafaɗa ta fara.

Na ce, "Gwaggo, wai ke ta wane ce?"

"Ni ta mai daɗin kiɗa ta."

"To wa za ki zaɓa?"

"Ke ji ɗiya! Rawa nike da ƙafa, dangwale da ɗan yatsa. Ba su san juna ba."

Baba kuwa in motar ta wuce tsaki yake. Fatauci yake tsakanin nan da Maraɗi, ya san hanyoyin ƙasar nan kamar cikin shagonshi. Ya ce, "Kowane ya gaya mani abin da ɗan'uwanshi bai yi ba. Ba wanda yag gaya mani ranar da za ni kai kaya Isa ban yi sallama da iyalina kamar mai tafiya yaƙi ba."

Inna ba ta cewa komi. Kuma dole in gaya muku wace ce Inna, don labarin nata ne.

Sunanta Ruƙayyatu, daga Tsibiri anka kawo ta amarya, can kusa da Maraɗi. Mu nan in mun ce Faransa, can muke nufi, su kuma su ce muna Ingila, alhali duk Gobirawa ne, tsaga guda ce a kumatun kakanninmu. Inna ta fi shekarun da na yi a duniya tana garin nan, amma bakinta bai ƙetaro iyaka ba. Makaranta lakwal ce a wurinta, malamin boko mushe ne, in ta yarda da magana ta ce dakor, in ta gama faɗa ta rufe da wala. Ni kuma Allah ya yi ni da baƙin kwaikwayo. Ba muryar da za ni ji ban ɗauke ta ba. Na Inna kuwa, in na yi shi a bayan ɗaki, kajinmu kan taho da gudu.

Kwanaki wani mai tallar atamfa ya shigo zaure, ya so ya yi ma Inna tsada. Ta wanke shi tas daga bayan labule. Da yamma na ɗauki waya na maimaita ma Kamal da muryarta, na aika mashi don ya yi dariya:

"Bon, Mushe, saurara. Ni ɗiyar Tsibiri ta, ba a yi mani wayon Ingila. Sefa ni sani, wagga nairar taku takarda ta, iska na ɗaukar ta. Dakor? Wala!"

Ya aiko fuskokin dariya cike da allo. Ya ce ya saurara har cikinshi ya ƙulle. Na ji daɗi, na manta.

Zuwanshi na ƙarshe kafin abin ya faru, bayan la'asar ne. Ya sa shadda ruwan toka da guga ya yi mata kaifi, hula ya karya ta gefe, turare kamar ya faɗa cikin kwalbar. Na shimfiɗa mashi tabarma a zaure, na kawo fura. Ya jera wayoyin biyu a gabanshi yadda likita ke jera kayan aiki.

"Gimbiya, akwai bam da za mu saki ranar kasuwa."

"Malam Darakta, a garin nan ba a wasa da wagga kalma."

"Ina nufin talla. Sabuwa. Ki gane, bincike ya nuna ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi riƙe mummunan labari a kan mai kyau."

"Binciken wa?"

"Turawa."

"A Sabon Birni sunka yi shi?"

"Sadiƙa, sayans ne. Ko'ina ɗaya ne."

"To. Mi Alhajinka zai yi muna in ya hau?"

Ya gyara gilashi. "Wannan mataki na biyu ne a sitiratiji."

"Na ɗaya fa?"

"A rusa abokin hamayya."

"In an rusa shi, kanmu zai faɗo ko gefe?"

Ya yi dariya, ya ce wallahi da na yi jami'a da an shiga uku. Na ce ai an riga an shiga, tunda shi ya yi. Munka rabu lafiya. Ban tambaye shi abin da ke cikin tallar ba. Na ɗauka wani ƙudan ne ya sake faɗawa fura.

Ranar kasuwa ta kama ana jibi zuwan baƙi. Gidanmu ya koma kamar na masu biki. An shimfiɗa sabuwar leda a ɗakin Baba, an wanke labulen zaure, tela ya aiko ɗinkina, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, hannun ya yi mani yawa kamar ya auna Gwaggo. Inna na bakin murhu tana suyar alkaki, ni ina tsoma wanda ya soyu cikin ruwan sukari, Gwaggo na kwaɓa lalle tana ba da umarnin da ba mai bi.

Sai munka ji kiɗa daga bakin titi. Sabo ne, kalangu da fiyano. Kafaɗar Gwaggo ta fara.

Kiɗan ya lafa, muryar namiji ta fito, an sa mata amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Ko cikin rijiyar na san ta.

"Jama'ar Gobir! Kun san wane ne ke neman ƙuri'arku? Kun san gidan da Is'haƙa ya fito? To ku saurari mahaifiyarsa!"

Sai ni. Muryata, wadda na ara daga Inna, tana fita ta lasifika, tana dukan katangun unguwarmu tana dawowa.

"Bon, Mushe, saurara. Ni ɗiyar Tsibiri ta..."

Har ƙarshe. Har wala. Sannan 'yan amshi sunka ɗauka: ɗan Faransa, koma Faransa, ɗan Faransa, koma Faransa.

Kafaɗar Gwaggo ta tsaya a sama, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ni ina riƙe da alkaki, sukari na bin hannuna har gwiwar hannu. Motar ta yi gaba, ta juyo ta bayan gidanmu, ta sake sawa daga farko, kamar mai tsoron ba mu ji da kyau ba.

Inna ba ta ɗago ba sai da ta ƙare karo na biyu.

"Wagga magana tawa ta," ta ce. "Ga mai atamfa ni yi ta."



Ta dube ni. "Muryar kuwa ni na haife ta."

"Inna, wallahi ban..."

"Kwashe. Ya ƙone."

Shi ke nan abin da ta ce. Da ta mare ni da na samu wurin kuka. Na kwashe baƙin alkaki, na wanke hannu, na shige ɗaki na jawo waya. Na rubuta ma Kamal.

Ni: Mi ka yi?

Kamal: Kin ji ko? Gari ya ɗauka! Kowa maganar yake.

Ni: Muryata ce.

Kamal: Ba wanda ya sani sai ni da ke.

Ni: Uwata nike kwaikwayo.

Kamal: Ai ba Inna ake nufi ba, gimbiya. Uwar Is'haƙa ake nufi. Siyasa ce, ba da gaske ba ne.

Ni: Uwar Is'haƙa ba uwa ba ce?

Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Abin da ya iso a ƙarshe hoto ne na adadin waɗanda sunka tura tallar a waya, ya zagaye lambar da jan layi. Ƙasa ya rubuta: Kin ga tasiri?

Na kifa wayar a kan katifa. Na tashi, na zauna, na buɗe akwati na rufe. Daga taga ina jin Inna tana magana da mai kawo ruwa. Ya ce mata gobe zai riga rana. Inda kullum take cewa dakor, sai na ji ta ce, "To." Kalma guda, a hankali, kamar mai taka ƙasa da sabon takalmi. Wannan to ɗin ya fi mani duk zagin duniya ciwo.

Baba ya dawo kafin magariba, abin da bai saba ba ranar kasuwa. Ya zauna bisa turmi, bai cire hula ba. Gwaggo ta matso.

"Yaya, an yi faɗa?"

"Ba a yi ba. Da ma an yi." Ya karɓi ruwa ya sha. "Da motar tac shigo layin 'yan hatsi, mutane sun fara dariya, don muryar ta yi kama da ta gida. Da anka kai ga waƙar, kowa yaj juya ga buhunshi. Ba jifa, ba ihu. Sai wani tsoho mai saida igiya yat tashi, yaj je ga direba, yac ce, yaro, uwarka ɗiyar ina ta? Direba yac ce Madarunfa. Tsoho yac ce, to. Direba da hannunshi yak kashe abin."

Gwaggo ta ce, "Madarunfa ai Faransa ta!"

"Rabin kasuwar nan uwayensu daga can anka kawo su. Wanda ba uwarshi ba, kakarshi." Ya juyo gare ni, bai ɗaga murya ba. "A zagi tumbi, a zagi rowa, a zagi hula, duk mun saba, mu yi dariya mu wuce. Uwa ba a sa ta bisa mota. Kuma shekarar da munka kwashe ku munka gudu, gidan wa kunka kwana? Wa yab ba ku ɗakinshi yak koma rumfa?"

"Kawu, a Tsibiri."

"Shi yaron naki Kamal bai san haka ba?"

"Ya sani, Baba."

"To karatun nashi ina yat tafi?"

Ni ma tun azahar nike neman inda ya tafi.

Baba ya ce, "Na riga na ce mutanenshi su taho, ba ni hana baƙo zama. Za su ci, za su sha. Amsa kuwa ba ta gare ni. Tana gare ki, ke da uwarki."

Washegari da hantsi Inna ta fito da babban mayafinta, mai ruwan ƙasa, wanda take zuwa gaisuwar mutuwa da shi. Ta ce, "Sa hijabi."

Ban tambayi ina ba. Tana gaba ina baya, har gidan Hajiya Khadija, mahaifiyar Malam Is'haƙa. Ita ma 'yar Tsibiri ce, kuma abin da Daraktan bai bincika ba, da anka haife ni, uwar Inna na nesa, Hajiya Khadija ce ta zo ta dafa ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta kwana ɗakin har anka yi suna.

Gidan cike da mata, takalma har bakin ƙofa. Tsohuwar na zaune bisa darduma, tana goga goro a magogi don haƙoran sun tafi. Inna ta durƙusa, na durƙusa bayanta.

"Hajiya, ga mai muryar na kawo maki."

Na ji idanu a bayan wuyana.

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce Sadiƙar da nib bai wa ruwan dabino?"

"Ni ce, Hajiya."

"Yi mani in ji."

"Hajiya, don Allah..."

"Duk gari sun ji, ni kunnena bai kai titi. Yi."

Na yi. Kaina a ƙasa, ina kallon zanen darduma, na yi tun daga bon har wala. Wata mata ta toshe baki da mayafi, dariyar ta fita ta hanci. Hajiya ta yi murmushi, dasashi kawai.

"Wanga ba ni ba ce. Ruƙayya ta, sak. Ni ban iya faɗa da mai atamfa ba, biya nike." Ta zuba goron a baki. Murmushin ya tafi. "Nan na haihu, nan na binne miji, nan haƙorana sunka zube. Sai jiya anka tuna mani baƙuwa nike."

Wata daga bayan ɗaki ta ce, "Ni da Dalhatu za ni dangwala ma, don famfon unguwarmu. Yanzu sai dai in zauna gida in daka dawata."

Wata ta ce, "Ni da ba ni da niyyar fita. Yanzu ko da rarrafe sai na je."

"Ku duka kuna da aiki," in ji wata tsohuwa mai carbi. "In an gama, mai tumbi da mai rowa mota guda za su shiga su tafi. Mu za a bari da juna."

Ana cikin haka wani mutum ya leƙo daga ƙofa da waya a ɗage, cikin 'yan kamfen ɗin Is'haƙa ne. Ya ce wai a ɗan yi kuka kaɗan ya ɗauka, za su haɗa martani kafin yamma. Hajiya ta jefe shi da magogi. Ta same shi kuwa.

"Ka gaya ma ɗana in na ji hawayena bisa mota, ni ma ba ni zaɓenshi!"

Da za mu tafi ta riƙe hannuna. "Ke, baki gare ki mai kyau. Ki san wa kike ba ajiyarshi."

Na kunna waya muna shiga gida, saƙon Kamal na jira.

Kamal: Albishir. Na gyara. Na ƙara ma muryar kauri da na'ura, yanzu ba mai gane ke ce.

Na karanta, na sake karantawa. Ku duba mani, jama'a. Mutum da difloma.

Ni: Inna ta gane tun jiya. Hajiya Khadija ta gane. Kai kaɗai ka rage. Kada ka kira ni sai ka gane.

Na kashe wayar, na tura ta ƙarƙashin tulin wanki.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, baƙi sunka iso. Kawunnanshi biyu da wani dattijon unguwarsu, manyan riguna, goro da alewa a leda. Anka shigar da su ɗakin Baba, anka kai tuwon shinkafa da miyar taushe, da alkakin da munka sake soyawa. Ni ina ɗakin Inna cikin atamfar mai dogon hannu, lalle ƙafa guda don ban iya zama an gama ɗayar ba. Inna na ninke kaya da sun riga sun ninku.

Gwaggo ce 'yar aike. Ta shigo tana haki.

"Sun gabatar. Yaya ya ce mi za a ce masu?"

Na dubi Inna. Ta ci gaba da ninki.

Wallahi ban san abin da ke bakina ba. Rabin raina na cewa a kore su da tuwonsu a ciki. Ɗaya rabin na ganin mutum fari fat da ƙura shina sauka daga mashin. Na buɗe baki ke nan, sai lasifika ta yi ƙara daga bakin titi, irin ƙarar nan mai shiga haƙori. Ba kiɗa. Sai tari, sai hura iska.

"Gwaji, gwaji. Assalamu alaikum jama'ar Sabon Birni. Ni ne Kwamared Kamaluddeen, Daraktan Sabbin Kafafen... wato, tsohon Darakta, daga yau da safe."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Na zo in sanar da ku cewa muryar da kuka ji ranar kasuwa ba ta mahaifiyar Malam Is'haƙa ba ce. Ƙarya na yi. Ni na haɗa, ba da sanin kowa ba. Ina neman gafarar Hajiya Khadija." Lasifikar na huci. Na ce a raina, tsaya nan, bawan Allah, tsaya nan. "Asalin muryar ta Sadiƙa ce, 'yar gidan Malam Halliru mai sabulu, wadda nake nema da aure, tana kwaikwayon mahaifiyarta Inna Ruƙayyatu. Gidansu ne mai koren ƙyaure, bayan injin niƙa."

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Wanda bai sani ba ya sani. Har da kwatance!"

"Inna, ki yafe mani. Na yi kuskure babba. Kuma jama'a kada ku manta ranar zaɓe ku fito ku... a'a. Wannan ba ya ciki. Na gode."

Daga waje kuwa unguwa ta fara fitowa, ina jin ƙyamare na buɗewa, mata na kiran juna ta katanga.

Gwaggo ta leƙa ta dawo. "Shi kaɗai na cikin motar, shi yat tuƙo. Ya tsaya bakin injin niƙa, gumi har ƙafa. Ko gilashin babu." Ta ɗan karkata kai. "Amma ni kam, Allah na tuba, wa ya sani ko wanga ma kamfen na?"

Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. Karo na farko tun ranar kasuwa ta dube ni ido cikin ido.

"Yaron ba mugu ba ne," ta ce. "Wauta ta yi mashi yawa. Ke za ki zauna da ita, ba ni ba. Faɗi."

"Gwaggo, a ce masu mun gode da tattaki. Ba a ce a'a ba, ba a ce i ba. Su dawo bayan zaɓe. In ranar da ba mai neman ƙuri'ar kowa har yanzu shina jin kunyar abin da ya yi, kuma ya iya faɗinta ba da lasifika ba, a yi magana."

Gwaggo ta maimaita a bakinta don kada ta zubar da rabi a hanya, ta fita.

Na juyo in ga ko na yi daidai. Inna ta riga ta miƙe. Ba mayafin gaisuwar mutuwa ta ɗauko ba, sabon ta jawo daga ƙasan akwati, mai ruwan zuma, wanda ta ce sai ranar ɗaurin aurena. Ta yafa, ta gyara ɗankwali a madubi, ta zura takalmi. Matar da ko gidan maƙwabta ba ta shiga sai ta aika an gaya ma Baba.

"Inna, ina za ki?"

"Bakin injin niƙa."

"Wurin mi? Inna, duk unguwa na waje!"

"Shi ya sa." Ta ɗaga labule. "Za ni karɓi abin maganar nan. Tunda muryata suke so, su ji ta ga mai ita."

Ta wuce ta gaban ɗakin baƙi ba ta rage tafiya ba. Na bi ta da gudu, ƙafa guda da lalle, hannun riga na jan ƙasa.